Zan zo gida Sallah amma ina jin nauyin abokan ƙuruciyata

Wani ƙanenmu ɗan Argungu da ke aiki a Legas ya turo min saƙo mai tsawo, na ɗan rage shi, ga abin da ya ce:

"Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 14 a Legas, in na zo gida kwana biyu ne ko uku in gaida Inna in juya, ba na neman kowa. Bana na samu hutu mai ɗan tsawo, zan zo ƙaramar Sallah da iyali. Muna yara muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo a unguwarmu, daga tashe muka fara har ta kai muna yin dirama a filin firamare, ashe har yau ba su daina ba. Sun sa ni a guruf ɗinsu na WhatsApp, sun ce za su yi wasa kwana biyu bayan Sallah wai in zo in zama babban baƙo, wasu ma na cewa sai na hau dandamali kamar da. Raina yana so wallahi amma akwai abin da ya tsaya min. Babban abokina a cikinsu mahaifinsa ya rasu shekara 3 da suka wuce, ban zo ba ban kira ba, tes kawai na tura, tun daga nan bai sake min magana ba, ko sallama na yi a guruf ɗin ba ya amsawa. Sannan ina tsoron a ɗauke ni mai kuɗi alhali albashi ne kawai Allah ya sani. Ga kuma yayana ya ce dirama aikin marasa aikin yi ne, mutum da iyali bai kamata a gan shi a wurin ba. In je, ko in yi zamana gida wurin Inna kamar yadda na saba?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka je. Tun kafin in kai ƙarshen saƙonka na san abin da zan ce maka ke nan, don mutumin da ba ya son zuwa ba ya zama ya rubuta dogon saƙo haka yana lissafa abin da ke hana shi. Amma kada ka je a matsayin da sunka ba ka, kujerar babban baƙon nan ka mayar masu da ita cikin ladabi.

Ka dai san yadda abin yake. Za a aje maka kujera a gaba, a ɗora ruwan roba da lemo kan tebur, a sa wani yaro ya tsaya bayanka, mai gabatarwa ya riƙa kiran sunanka da lasifika yana haɗawa da Alhaji ko ba ka je Makka ba, in an tashi a miƙo maka makirfo ka yi jawabi ka ba da ambulan, a yi hotuna, ka shiga mota. Ka koma Legas kana cewa ai na ga abokaina, alhali ba ka gan su ba, su suna can bayan labule suna zufa kai kana nan gaba kana murmushi, ko minti biyar ba ku yi tare ba. Kuma kada ka ɗauka don sun raina ka ko don suna son kuɗinka sunka yi maka wanga tayi, su ma nauyinka suke ji kamar yadda kake jin nasu, shekara 14 ba su san inda za su aje ka ba, sai sunka ɗauko wurin da ake aje baƙo don shi ne ba ya da haɗari. Kai ne za ka nuna masu cewa ba baƙo ne ya zo ba. Ka ce a ba mai unguwa kujerar, ko tsohon hedimastan da ya riƙa bar maku filin makaranta kuna yara in yana raye, shi ya cancanta kuma zai ji daɗi har ransa.

To amma kafin maganar wasa akwai bashi a kanka, kuma shi ne kan gaba.

Abokinka ba fushin banza yake yi ba, ka yarda da wannan tun yanzu ka daina neman uzuri. Mutumin da ya rasu ba baƙonka ba ne, na tabbata ka ci tuwon gidansa ba sau ɗaya ba, ya aike ka, wataƙila ma ya taɓa zane ku tare ranar da kunka tafi wanka gulbi ba da izini ba. Kuma ka san zaman makoki a garinmu, ana zaune kan tabarma ƙofar gida, mutane na zuwa ana addu'a ana shafawa suna tashi, mai rasuwa ko bai so ba idonsa na ƙirga wanda ya zo da wanda bai zo ba. Ba makawa sai da wani dattijo ya juyo ya ce masa "ina abokin nan naka na Legas, bai iso ba?" shi kuma ya rufa maka asiri ya ce yana hanya, aka yi uku aka yi bakwai aka yi arba'in kana hanya. Wannan kunyar da ya sha a madadinka ita ce ta fi tes ɗin zafi, shi ya sa sallamarka a guruf ba ta shiga kunnensa, a ganinsa kana son ka tsallake abin ne a ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Kada ka ba shi haƙuri ta waya, kada ka rubuta masa dogon saƙo, waya ce ta ɓata tun farko. Zumunci a ƙafa yake. Ranar da ka iso ka huta ka gaisa da Inna da mutanen gida, washegari bayan la'asar ka taka da ƙafarka zuwa gidansu, ka bar mota a gida, kada ka tare shi a majalisa ko wurin mai shayi gaban mutane inda dole zai yi maka fara'ar dole. Ka yi sallama a zaure, in ya fito kun gaisa ka ce masa "na zo maka ta'aziyyar Baba ne, na makara ƙwarai, ban kyauta ba, ka yafe min". Shi ke nan. Ka haɗiye maganar oga bai ba ni hutu ba, hanya ba kyau, lokacin ba ni da kuɗin mota, ko gaskiya ne ka haɗiye ta, domin da zarar ka ce "amma" ka koma kare kanka shi kuma ya koma lissafi. Ku ɗaga hannu ku yi wa mamacin addu'a, ka nemi izini ka shiga ciki ka gaida mahaifiyarsa ka durƙusa ka yi mata gaisuwa kamar jiya anka yi rasuwar, ita ma ta lura ba ka zo ba ko da ba ta faɗa ba. Ka riƙe mata ɗan abin gaisuwa, sabulu da sukari ko turmin atamfa gwargwadon ƙarfinka, amma shi kada ka miƙa masa ko sisi a ranar, zai zama kamar ka zo biyan tara. In ka ga fuska ka roƙe shi ya raka ka maƙabarta wata safiya ya nuna maka kabarin.

Mai yiwuwa ya ce "ba komai ya wuce" yana kallon gefe, ya ɗaure fuska, hirar ta ƙi tafiya. Kada ka ji haushi ka ce ai na yi nawa. Shekara 3 ya yi yana ɗauke da abin, ba zai sauke a zama ɗaya don kai ka shirya ba. Ka tashi da mutunci, ka sake komawa bayan kwana biyu ko da gaisuwar tsaye ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa sama da kwana uku, kuma ya ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama, hadisin yana cikin Buhari da Muslim, to kai da laifin ke wuyanka ai kai ya fi kamata ka fara, ka kuma maimaita. Kai fa ɗan Argungu ne, bikin kamun kifin da duniya ta san garinku da shi, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, asalinsa a 1934 ne lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tako ya zo Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, anka tarbe shi da shagalin kamun kifi a gulbin Matan Fada. Gabar da anka zubar da jini a cikinta ma da zuwa ido da ido anka rufe ta, balle taku da ba wanda ya zagi wani.

In ka sauke wannan, sai maganar sauran. Abin da nake so ka gane shi ne ranar wasa ba ita ce taka ba, ranakun gwaji su ne naka. Tsofaffin abokai in sunka haɗu bayan shekaru, rabin awar farko daɗi gare ta, ka tuna kaza ka tuna malam wane, a yi dariya a tafa, daga nan sai labarin da ya ƙare a yi shiru, kowa ya jawo wayarsa, wani ya ce bari in leƙa gida, a watse kowa na jin wani iri a ransa yana cewa ashe mun canza. Ba canzawa kunka yi ba kawai, abin da ya haɗa ku ne babu shi a wurin. Ku ba hira ta haɗa ku ba tun farko, aiki ne, tare kunka liƙa gemun auduga, tare kunka saci babbar rigar wani tsoho kunka cusa tsumma a ciki don a yi tumbi, tare kunka shafa toka a kai ta zama furfura, kunka bi gida gida da azumi ana ba ku hatsi da 'yan kuɗi kuna faɗa wurin rabo. Kai ka yi sa'a ma, mutane da yawa in sun koma gida ba su tarar da komai sai labari, kai kuwa aikin nan da ya haɗa ku yana nan ana yin sa, ƙofa ce a buɗe.

Don haka in da hali ka iso tun ana sauran 'yan kwanaki a sha ruwan ƙarshe, ka tambayi inda suke gwaji bayan asham ka je ba tare da an aiko maka ba. Ka sa kaya marasa nauyi, ka ajiye shaddar Sallah sai ranar idi. Ka kama benci ɗaya wani ya kama ɗaya gefen, ka riƙe takardar wasan kana tuna wa wanda ya manta maganarsa, in wayar janareta ta tsinke ka haska masu da fitilar waya, in an kawo shayi ka karɓi kofin da kowa ke sha da shi. Da farko za su riƙa cewa haba ranka shi daɗe bari yara su ɗauka, kada ka saki bencin. Ranar farko za su ɗan takura, zuwa ta biyu sai ka ji wani ya daka maka tsawa ya kira ka da sunan nan na ƙuruciya da ka tsana ya ce kai matsa ka tare mana haske, to ranar ka dawo gida.

Kuma ka tambaye su rayuwarsu ta yau, ka saurara da gaske. Cikinsu akwai malamin firamare, akwai mai kabu-kabu, akwai masunci, kuma kusan kowa na da ɗan fegi a fadama. Ka tambayi yadda sunka ƙare da ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan ta Kebbi, ka tambayi yadda noman rani ya koma tun da anka cire tallafin mai a 2023 fetur ɗin injin ban ruwa ya zama abin da ya zama, wa ya koma na sola wa ya haƙura ya bar gonar, nawa buhun taki, wa ya aurar da ɗiya, wa ya rasa ɗa. Shinkafar nan ta Lake Rice da gwamnatin Legas da ta Kebbi sunka haɗa hannu sunka fito da ita a 2016, da kuna layin sayenta a can, guminsu ne da na irinsu a nan, ka ga ashe kuna da abin hira da ya wuce tuna baya. In sun tambaye ka Legas kada ka yi masu ado, ka faɗa masu kuɗin hayar ɗaki biyu, ka faɗa masu ƙarfe nawa kake fita don gudun gosulo da ƙarfe nawa kake dawowa, da yadda albashi ke ƙarewa kafin wata ya raba. Ba don su tausaya maka ba, don su san da mutum suke zaune irinsu. Siyasa da saɓanin malamai kuwa ka bar su inda ka gan su, ba ka san wa ke ina ba yanzu, kalma ɗaya sai ta ɓata daren.

Wannan ya kawo mu maganar kuɗi. Eh za a roƙe ka, ba zan ɓoye maka ba, kuma ba duk wanda ya roƙa ne maci amana ba, wani wallahi matarsa ce ke kwance wani kuɗin jarabawar yaro ne ya tsaya masa, kuma a idonsa duk wanda ya fito daga Legas da mota ya fi shi. Tun kana can ka zauna da maiɗakinka ku yanke abin da za ku iya fitarwa bayan kuɗin hanya zuwa da komowa da hidimar Inna da kayan Sallar yara, abin da ya rage shi ne na jama'a, in ya ƙare ya ƙare. Na ƙungiya ka ba ma'ajinsu a keɓe, ko ma ka ɗauki wata hidima guda ka biya kai tsaye, man janareta ko hayar kujeru da lasifika, ka roƙe su kada a faɗa a taro. Kada ka tashi tsakiyar wasa ka yi liƙi, in ka yi haka ka sayi kujerar da na ce ka mayar, kuma ka kunyata wanda ya yi wata guda yana hidima da jikinsa ba ya da abin liƙawa. Wanda ya ja ka gefe da buƙatarsa, in kana da shi ka ba shi abin da ya sawwaƙa ka manta, kada ka kira shi bashi. In babu ka dube shi ka ce wallahi yanzu ba ni da shi. Abin da nake roƙonka da Allah kada ka yi shi ne ka ce "turo min akawun zan gani in na koma" alhali ka san ba za ka tura ba, don zai yi ta duba waya yana jiran alat, ya kira ka ka ƙi ɗauka saboda kunya, shi ke nan kun koma inda kunka fito har ma ya fi muni. Mutanenmu suna jure "babu", abin da ba su jurewa shi ne a mayar da su mabarata.

Sai Yayanka. Kada ka yi jayayya da shi, balle gaban Inna. Yana da gaskiya ta wani gefen, akwai wasannin da mai mutunci bai kamata ya zauna a wurin ba, inda ake batsa, inda maza da mata ke cakuɗe cikin duhu, inda ake ɗauko wani sananne a gari a yi ta kwaikwayon tafiyarsa ko lalurarsa ana dariya, inda ake kiran sallah wasa na ci gaba, ko a sa namiji ya ɗaura zane da ɗankwali ya fito a mace wanda malamai sun yi magana a kansa da hujja. In haka ƙungiyarku ta koma, ni ma zan ce ka gaishe su ka wuce. Amma cewa kwaikwayo gaba ɗaya aikin banza ne, wannan ban yarda ba, kuma ba daga Turawa munka koya ba. Tashen da kunka fara da shi tun goma ga azumi ake fita, kuma in ka duba kowane wasa a cikinsa akwai abin da yake faɗa, ana yi wa gwauro tsiya don ya yi aure, ana nuna zaman miji da mata don yara mata su gani. Akwai kalankuwa da samarin ƙauye ke yi bayan kaka su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu su yi mulki na 'yan kwanaki, akwai wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa a gabansa ya ga halinsa da idonsa, akwai 'yan kama masu kwaikwayon malamai suna wa'azin tuwo da miya. Hanya ce da kakanninmu sunka samu ta faɗa wa babba gaskiya ba tare da an ci fuskarsa ba. Harkar finafinan Hausa da ta tashi a Kano wajen 1990 ma daga irin waɗannan ƙungiyoyin dirama na unguwa ta fito, kuma har gobe masu aikin lafiya in suna son magana ta shiga ƙauye, ta rigakafi ce ko ta awon ciki, 'yan wasa suke nema, don abin da mutum ya gani ya yi dariya ya fi zama a kansa bisa dogon jawabi. Samarin da sunka kwashe azumi suna haddace magana don su nuna wa ƙannensu illar ƙwaya ko su taɓa iyaye kan tsadar lefe, ni ban ga rashin aikin yi a nan ba, na ga mutanen da sunka damu da unguwarsu.

Ka same shi shi kaɗai ka ce "Yaya na ji maganarka kuma na gode, zan je in ga gwajin da idona, in na ga abin da bai dace ba zan janye, in kuma babu ina neman izininka". Gani ya kori ji. Yawancin yayye ba abin ne ke damunsu ba, so suke a nuna har yanzu ana jin maganarsu, musamman ƙanen da ya yi nisa ya samu abin kansa. In ma ka ga ya sassauto ka ce ya zo ku zauna tare, ai shi ma ya yi tashe yana yaro.

Batun hawa dandamali, ka hau in ranka na so, amma ƙaramin matsayi. Akwai yaran da sunka yi makonni suna gwaji, kada a ƙwace na wani a ba ka don ka zo daga Legas, yaron ba zai manta ba. Mai unguwa mai magana biyu, ko ɗan sandan da zai shigo a ƙarshe, ya ishe ka. Kuma ka shirya, na rantse sai sun so su sa ka a ɗan birnin da ya manta gida, ya dawo yana toshe hanci yana tambayar ruwan gora, yana Hausa yana jefa Turanci, don harshenka ya riga ya canza ko ba ka sani ba kuma sun ji tun ranar farko. In sunka kawo wannan ka karɓa da hannu biyu ka yi shi da kyau har ka ƙara gishiri, filin zai mutu da dariya, kuma abin da ke ransu game da kai wanda ba za su iya faɗa maka a zaune ba zai fita ta nan ba tare da an ɓata ba. Abu ɗaya dai, yanzu kowa da waya a hannu, kafin ka sauko an ɗora ka a TikTok da Facebook, in ka san wurin aikinka ba za su so ba ko kai ba ka so, ka faɗa tun wuri ka tsaya bayan labule kana taimako, ba wanda zai ga laifinka. Kai ma kada ka ɗauki kowa ka watsa sai ka tambaye shi.

Ka tafi da yaranka wurin wasan, wannan kam ina jaddada maka. Yaran da anka haifa a Legas, Hausarsu ta gida ce kawai, ba su taɓa ganin babansu yana dariya har da hawaye cikin mutanen da sunka san shi tun ba ya da wando ba. Ka sake su cikin yaran abokanka su zauna ƙasa a gaba inda yara ke zama, su sha ƙura su ji Kabanci a bakin sa'o'insu, da safe ka kai su gidan tarihi na Kanta su ga kayan yaƙin kakanninsu, ku gangara Matan Fada ka nuna masu gora da koma. Maiɗakinka kuma ka haɗa ta da matan abokanka tun kafin ranar, ta shiga gidajensu barka da Sallah, don in mata sunka saba ko kai ka yi sanyi su za su riƙa tuna maka an yi haihuwa gidan wane an yi rasuwa gidan wane. Inna kuma kada ta ga ka zo mata hutu abokai sun ɗauke ka, safiya da cin abincin dare nata ne, ka gaya mata inda kake zuwa da dalili, ka ba ta labarin ta'aziyyar da za ka je, za ka ga ita ce ma za ta ce ka gaida mata uwar yaron.

Ba duka za su dawo maka kamar da ba, wani za ku gaisa ne kawai ku rabu da mutunci, wani za ka tarar halinsa ya zama abin da ba za ka iya zama da shi ba, wani kuma sai ka tambaya a ce ai ya rasu bara. Kada wannan ya sa ka ce tafiyar ba ta yi ba. Biyu ko uku da za ku koma kiran juna ba sai da dalili ba, ka riƙe su, in ka koma ka sa wa kanka ranar Juma'a bayan masallaci ka kira ɗaya daga ciki ko minti uku ne, kuma duk ranar da ka ga sanarwar rasuwa a guruf ɗin nan ka daina tura hoton addu'a, ka danna kira.

Yau da dare ka rubuta masu a guruf cewa in sha Allah kana tafe, kujerar babban baƙo a ba dattawa, kai a faɗa maka wurin gwaji da lokaci. Kada ka ambaci abokin naka a ciki, nasa sai kun haɗu. In ta mota za ku zo ku raba tafiyar biyu ku kwana a hanya, daga Kontagora zuwa Yawuri har Koko da Jega ku bi ta da rana, kuma ba sai ka sanar wa duniya ranar da za ka taso ba, mutanen gida sun isa. Allah shi jiƙan mahaifin abokinka, shi kawo ku lafiya, in kun koma ka rubuto min yadda kunka yi da shi.